Hidimar ikilisiya ta cinye mana addu'ar iyali, ku ba ni shawara

Baban_Istifanus:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya zo kaina. Ni dattijon ikilisiya ne a wata unguwa a Kaduna, shekara 7 ke nan, kuma ni ne ma'aji. Ga yadda makona yake tafiya. Litinin taron dattawa, wanda da sau ɗaya ne a wata, amma tun da muka fara ginin gidan fasto ya koma kowane mako. Talata nazarin Littafi Mai Tsarki. Laraba addu'ar tsakiyar mako. Alhamis Zumuntar Maza. Jumma'ar ƙarshen wata kwanan addu'a. Asabar in ba biki ba jana'iza, in ba jana'iza ba ziyarar marasa lafiya. Lahadi nakan fita ƙarfe 6:30 saboda sujadar Turanci, in zauna ta Hausa, bayan an tashi mu ƙidaya baiko, wato kuɗin da jama'a suka bayar a sujada, sai ƙarfe 3 nake ganin gida. Uwargida kuma tana Zumuntar Mata, tana cikin mawaƙa.

Da can kowane dare bayan tuwo mukan shimfiɗa tabarma, mu yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, yaro ɗaya ya karanta aya, mu yi addu'a. Yau ya fi shekara 2 rabonmu da yin haka. Shekaranjiya na yi wa babban ɗana faɗa, shekararsa 15, saboda ya daina zuwa taron matasa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ta yaya zan so wurin da ya ƙwace mana kai?" Daren nan ban runtsa ba. Tambayata ita ce, in na ajiye wasu ayyukan, na ja da baya ne daga bin Ubangiji? Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Mama_Rifkatu_Zonkwa:
Sannu Baba Dattijo, Ubangiji ya ta'azantar da kai. Ka buɗe 1 Timoti 3:4-5. Cikin sharuɗɗan da Bulus ya gindaya wa mai shugabancin ikilisiya akwai iya riƙon gidansa, har ya yi tambaya cewa wanda bai iya da gidansa ba ta ƙaƙa zai kula da ikilisiyar Allah. Gidan nan naka yana cikin aikin da aka ɗora maka hannu dominsa.

Ayuba_Maigini:
Ni kam ban yarda ba. Yaran yanzu sun iya magana, sun san inda za su taɓa iyaye su yi laushi. Ubanmu yakan taka daga ƙauye zuwa ƙauye da ƙafa yana wa'azi, wani lokaci kwana 4 ba mu gan shi ba, duk da haka ba wanda ya isa ya ce ba zai je majami'a ba. Matiyu 10:37 tana nan, wanda ya fi ƙaunar ɗansa ko 'yarsa a kan Yesu bai cancanci zama nasa ba. Dattijo, ka bincika wayar yaron da abokansa tukuna. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dan_Gidan_Mishan:
@Ayuba_Maigini Baba, da girmamawa, ni ɗan fasto ne, bari in faɗi abin da na sani daga ciki. Makarantun firamare 5 na yi saboda canjin wurin aiki. Gidanmu kullum cike yake, masu rikicin aure, masu neman kuɗin asibiti, baƙin da dare ya yi musu. Sau da yawa an tashe mu daga katifa an ba baƙo. Babanmu mutumin kirki ne, ya riga mu gidan gaskiya, ba na zarginsa. Amma mu 6 ne, 2 daga cikinmu yau ko ƙofar coci ba sa bi, kuma in ka zauna da su, maganar da ɗan Dattijo ya faɗa ita suke faɗa, sai dai su sun kai shekara 40 kafin su iya furta ta.

Abin da ya riƙe ni ƙaramin abu ne. Wata Asabar Baba ya goya ni a keke zuwa wani ƙauye inda zai yi jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. A hanya kaca ta zame, muka zauna a gindin ɗorawa yana gyara, yana ba ni labarin yadda ya ba da gaskiya yana saurayi, da yadda kawunsa ya kore shi daga gida. Ban taɓa jin labarin ba sai ran nan. Wa'azinsa na ji ɗaruruwa, na manta kusan duka, wannan kuwa har warin man kacar ina tunawa. Yaron nan bai yi rashin kunya ba. Ƙara ya kai, kuma wurin ubansa ya kai ta.

Dattijo_Malumfashi:
Ku na birni kuna da waɗanda za ku miƙa wa aiki. Mu a ƙauyenmu manya ba mu wuce 40 ba, waɗanda suka iya riƙe littafin kuɗi mu 3 ne, ɗaya ya tafi ci rani. Mai bishararmu coci 3 yake zagayawa. In na ajiye, wa zai ɗauka? Ba faɗa nake ba, tambaya ce.

Malama_Hannatu:
Shekara 12 ina koyarwa a makarantar Lahadi. Mako yana da awa 168, ni awa 1 nake samu da yaro, cikinta ma rabi ya tafi a tsawatarwa da rabon biskit. Iyaye su turo mana yara su ce mu gyara. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 iyaye ta ba aikin, ta ce a koya wa 'ya'ya a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Timoti ma da muke karanta wasiƙun da aka rubuta masa, Bulus ya ce bangaskiyar ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afniki. Ranar Lahadi da na tambayi yara su buɗe Yunana, nan take nake gane gidan da ake buɗe Littafi da gidan da ba a yi.

Fasto_Mai_Ritaya:
Salama gare ku duka. Ɗana Dattijo, na karanta maganarka sau 2. Laifin nan namu ne mu fastoci, da yawansa. In muka sami mutum mai aminci wanda ba ya cewa a'a, sai mu yi ta labta masa kaya, domin ya fi sauƙi a kan a horar da sabo. Na yi haka ga mutane, na kuma ga abin da ya jawo wa gidajensu.

A Fitowa 18 Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya zaɓi shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. A Ayyukan Manzanni 6 da rabon abincin gwauraye ya kawo gunaguni, manzanni ba su ƙara wa kansu aiki ba, mutum 7 aka zaɓa. Akwai kuma Markus 7, inda Ubangiji ya tsauta wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah. A ganina lokaci ma ana iya yi masa haka, mutum ya ce lokacin 'ya'yansa ya zama na Allah, alhali Allah bai roƙe shi wannan ba.

@Ayuba_Maigini ayar da ka kawo gaskiya ce, amma tana magana ne a kan wanda aka sa shi ya zaɓa tsakanin Yesu da danginsa. Mun san irin waɗannan, wasunsu suna cikinmu. Taron kwamitin gini ba shi ne Yesu ba.

Shawarata, kada ka ɓace shiru, wannan yakan kawo zargi, balle kai da kake riƙe da kuɗi. Ka rubuta wa majalisar dattawa, ka nemi mataimakin ma'aji, a sa masu ƙidayar baiko su riƙa karɓa-karɓa. Lahadi da Laraba kam ka riƙe su, Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa.

Saratu_Kabong:
Kowa yana ta Baba, Baba. Ina Mama? A gidaje nawa ne uba yake jagorar addu'ar iyali tun farko? A namu ni ce, maigida sai ya ce ya gaji. Ita ma Maman Istifanus tana da nata kason, Zumunta da mawaƙa kwana 3 ne a mako, ban da taron gunduma da na ƙasa. Ga kuɗin anko, kowane taro da sabon zane. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin keke zuwa coci ma ya zama abin lissafi.

Mama_Fasto_Billiri:
@Saratu_Kabong 'yata, a kan yawan anko ina tare da ke, na sha faɗa a taronmu cewa zanen Zumunta guda ɗaya ya isa. Amma kada a taɓa Zumuntar Mata da sunan ɓata lokaci. Ranar da aka yi rasuwa su wa suke kwana a gidan, su ɗora tukunya? Wa yake kai kunu asibiti? Uwata a Zumunta ta koyi karatu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ta koya, ba ta taɓa shiga aji ba. Gwauraye da yawa in ba don ranar Zumunta ba, mako zai wuce ba wanda ya tambaye su yaya suka kwana.

Saratu_Kabong:
Mama ban ce a daina ba. Cewa na yi a rage.

Bitrus_Abuja:
Tunda an ambaci Littafi na Hausa, ni tawa matsalar daban ce. Muna yin addu'ar iyali, amma yarana ba sa gane Hausar Littafi. Makarantarsu Turanci, unguwa Turanci. Yarenmu na gado sun riga sun rasa, yanzu Hausar ma tana tafiya. In na karanta da Hausa sai su yi ta kallona, in na karanta da Turanci kakarsu da take zaune da mu ta zama baƙuwa. Fassarar ma ai tun 1979 da aka fara yin ta, dole ta yi musu nauyi.

Malam_Wusasa:
@Bitrus_Abuja ɗan gyara kaɗan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa ne a 1932, kuma Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS na cocin Angalika, wanda ya zauna a Zariya, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Ta 1979 sabuwar fassara ce. Hanya mai sauƙi ta gane wadda ke hannunka: tsohuwar tana cewa Kubawar Shari'a da Misalai, ta bayan tana cewa Maimaitawar Shari'a da Karin Magana. In tsohuwar ce kake karanta wa yara, ba mamaki su yi ta kallonka. Mu abin da muke yi, yaro ya karanta ayar da Turanci, kaka ta faɗe ta da Hausa, yawanci ma da ka take faɗa. Waƙa kuwa da Hausa kullum, yara sukan kama waƙa kafin su kama magana.

Bitrus_Abuja:
Na gode Malam, na duba, Kubawar Shari'a ce a nawa. Na marigayi babana ne.

Kwada_Mubi:
Ina so in mayar da mu kan maganar Dattijo. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ikilisiyarmu a gindin tsamiya ta fara a Garkida a 1923, ba gini, ba benci, kowane ɗan EYN ya san wannan. Amma ban fahimci ma'anarsa ba sai a ƙarshen Oktoba 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma kama hedkwatarmu a Kwarhi. Muka gudu da kayan jikinmu, ni da yara 4 da uwar mijina, maigida ya bi wata hanya, sai bayan mako 3 muka ji muryarsa. A daji ba fasto, ba mawaƙa, ba Littafi ko ɗaya, ban ɗauko ba. Abin da muka ci a kwanakin nan shi ne abin da aka zuba mana a kan tabarmar gida. Tsohuwa ta haddace Zabura 23 da 91 da 121, kowane dare sai ta faɗe su a hankali don kada a ji mu, yara suna bi. Ƙaramar 'yata, lokacin shekararta 6, ita ta riƙa tuna mana in an manta.

Baba Dattijo, gidan faston da kuke ginawa abu ne mai kyau, Allah ya sa ku gama lafiya. Na dai ga gine-gine da aka yi shekaru ana tara musu baiko sun ƙone cikin yini ɗaya. Ina rubuta wannan da hawaye.

Issoufou_Damagaram:
Amin 'yar'uwa. Mu ma a Nijar mun ga haka a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai. Lahadin da ta biyo baya a gidaje mutane da yawa suka yi sujada. Mu nan Kirista kaɗan ne, yaro a lakkol, wato makaranta, wataƙila shi kaɗai ne a ajinsu, tambayoyin da ake yi masa kuwa ba ranar Lahadi ake yi ba. In bai samu amsa a gida da dare ba, gobe haka zai koma.

Ayuba_Maigini:
Na ji duka, Baba Fasto na karɓi gyara a kan ayar. Amma har yanzu ina cewa kada a sa yaro ya ga maganarsa ce ta sauke ubansa daga aiki. Gobe zai kawo wata. Eli ma firist ne, abin da aka kama shi da shi rashin kwaɓar 'ya'yansa ne.

Mama_Rifkatu_Zonkwa:
Malam Ayuba, kafin ka kwaɓi yaro ai sai kana gida ka ga abin da ya yi.

Jummai_19:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni yarinya ce a cikinku. A gidanmu ba a taɓa fasa addu'ar iyali ba, safe da dare. Amma gaskiya mu yara tsoronta muke ji, domin ta zama kotu. Duk laifin da ka yi da rana, a cikin addu'a za ka ji shi: "Ya Ubangiji, ka ga Jummai da taurin kai." Ayar da za a karanta ma an zaɓo ta ne saboda wani. Afisawa 6:1 da ta ce 'ya'ya su yi wa iyayensu biyayya mun haddace ta, amma aya ta 4 da ta ce iyaye kada su tsokani 'ya'yansu ba a taɓa kaiwa can ba. Kuma takan kai awa guda, ga makaranta da safe. Baba Dattijo, in za ka dawo da ita, don Allah kada daren farko ya zama a kan rashin zuwansa taron matasa. Ka tambaye shi abin da yake so a yi masa addu'a a kai. Ni ba a taɓa tambayata ba.

Fasto_Mai_Ritaya:
Jummai 'yata, Allah ya yi miki albarka. Abin da kika faɗa na yi shi a gidana.

Nas_Talatu:
Ni aikin dare nake yi mako 2 a wata, maigida direban babbar mota ne, Legas zuwa Kano. In muka ce sai kowa ya hallara, ba za a taɓa yi ba. Minti 10 muke yi da safe kafin yara su sa takalmi, wanda yake nan ya jagoranta, ko da babbar 'yarmu ce. In maigida yana hanya mukan kira shi a buɗe murya, wani lokaci daga Tafa ko Lokoja yake cewa amin. A 2020 da aka rufe majami'u saboda korona muka fara, ba mu daina ba.

@Dattijo_Malumfashi ba wanda ya amsa maka. Baba, ba ku da matasan da suka gama sakandare? Ko mata? A cocinmu mace ce ma'aji shekara 5 ke nan, ko naira ba ta taɓa ɓata ba.

Dattijo_Malumfashi:
Akwai yarinya ɗaya mai ƙoƙari, ta gama sakandare bara. Sai dai tsofaffinmu ba su saba ba. Zan gwada kawo maganar bayan girbi, lokacin godiyar kaka aikin kuɗi yakan yi yawa, ko ta fara da rubuta buhunan da aka kawo.

Malam_Wusasa:
Tsofaffin cikinmu za su tuna shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960. Ƙarfin aikin nan ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne a cikin gidaje, daga nan aka fita bishara. Akila da Bilkisu ma Bulus ya gai da ikilisiyar da take taruwa a gidansu, Romawa 16. Ban san lokacin da muka mai da kowane abu sai an zo harabar coci ba. Me zai hana nazarin Talata ya koma gidaje, unguwa unguwa? Kuɗin keke ya ragu, yara kuma su ga iyayensu da Littafi a hannu.

Saratu_Kabong:
An gwada a wurinmu, wata 4 ya mutu. Masu ɗaki ɗaya suna jin kunyar karɓar baƙi, masu falo kuma suka mai da shi gasar lemo da cincin.

Baban_Istifanus:
'Yan'uwa na gode, na karanta kowace magana, wasu sau da yawa. Ga inda aka kwana. Na je wurin Baba Fasto ranar Laraba bayan addu'a. Ya saurare ni sosai, amma ya roƙe ni in riƙe ma'aji har a rufa gidan da kwano, ya ce canja hannu a tsakiyar gini zai kawo surutu. Na ga gaskiyarsa, na yarda. Ya amince a samo mutum 2 da za su riƙa ƙidayar baiko, ni in sa hannu kawai. Zumuntar Maza na gaya wa shugabanmu zan riƙa zuwa sau ɗaya a wata, bai ji daɗi ba, ya ce in dattijo ya yi haka me sauran za su yi. Uwargida ta ce ita ba za ta bar mawaƙa ba, a nan take samun hutun ranta, ban matsa mata ba.

Jiya Alhamis na dawo gida ƙarfe 6. Bayan tuwo na ɗauko tabarma. Ƙananan suka zo da gudu, Istifanus bai fito daga ɗaki ba, ban kuma aika a kira shi ba, maganar Jummai tana kunnena. Mun yi waƙa, 'yata Rahila ta karanta Zabura 121 saboda 'yar'uwarmu ta Mubi. Da na tashi zan rufe ƙofar gida na tarar da shi zaune a bakin ƙofar ɗakinsu cikin duhu. Na ce masa me yake so in roƙa masa. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce lissafi yana ba shi wuya, ya faɗi jarrabawar zangon da ya wuce, ya ɓoye takardar. Wata 3 ke nan, ni ma'ajin ikilisiya ban sani ba. Taron matasa ban ta da maganar ba, shi ma bai ce zai koma ba.

Ayuba_Maigini:
To, takardar da ya ɓoye fa, ba za a yi maganarta ba?

Dan_Gidan_Mishan:
Za a yi, Baba, amma ba jiya ba. Dattijo, ran Asabar in za ka sayo siminti ko katakon ginin, ka tafi da shi, ka ba shi rasit ɗin ya haɗa maka lissafi.

Kwada_Mubi:
Ka gai da Rahila. Ka ce mata wadda ta riƙa tuna mana Zabura a daji yanzu tana koyon aikin jinya.

Bitrus_Abuja:
@Malam_Wusasa a ina zan sami fassarar 1979 mai manyan baƙaƙe? Idon Mama ya fara rauni, ƙananan rubutu ba ta gani.